Tipp-Ex ya zube a kan mayafina da fasfona, da me zan goge?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kwalbar Tipp-Ex, farin ruwan nan na shafe kuskuren rubutu, ta buɗe a cikin jakata, ta ɓata min mayafi, ta kuma ɗiga a bangon fasfona da gefen shafin da hotona yake. Fasfon nan shi nake nunawa a banki. Da me zan goge?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Na mayafin mai sauƙi ne. Kada ki murza tabon yana ɗanye, zai ƙara shigewa cikin zare. Ki bari ya bushe, ki kankare da bayan cokali, ki shimfiɗa tsumma a ƙarƙashi, sannan ki jiƙa auduga da sifirit ki riƙa dannawa daga gefen tabon zuwa tsakiya. Ki fara gwada sifirit ɗin a bakin mayafin, kada ya cinye launi. Farin da ke cikin Tipp-Ex hodar titanium dioxide ce, ba ta narkewa a ruwa, shi ya sa wanki kaɗai ba ya fitar da ita. Kada a yi guga sai tabon ya fita.

Fasfon ne ya fi damuna. Don Allah kada sifirit, kalanzir ko ruwan goge jan farce su taɓa shi. Sabon fasfon da Hukumar Shige da Fice ta Najeriya ta fara bayarwa a 2019, shafin bayanansa na roba ne mai tauri da ake kira polycarbonate, kuma sinadarin acetone da ke cikin ruwan goge farce yana cin irin wannan robar, ya bar ta da hazo har abada. Na bango, idan ya bushe, ki ɓanɓare shi da farce a hankali. Na gefen shafin hoto ma haka, matuƙar bai kai kan hotonki, sunanki, ko layuka biyun nan na ƙasa da na'ura ke karantawa ba. Idan ya ƙi ɗagowa, ki ƙyale shi, kada ki sa reza.

In kuwa ya taɓa rubutu, ki kai shi ofishin fasfo a duba, ko da za ta kai ga canza shi a matsayin wanda ya lalace. Jami'in da ya ga farin shafe a kan bayanai, abin da zai fara zargi shi ne an yi gyara, kuma Dokar Shige da Fice ta 2015 ta haramta sauya wani abu a fasfo. Gara ki yi wannan bayanin a ofis da ki yi shi a filin jirgi ana kiran fasinjoji.

Shawarata kuma, ki daina yawo da shi kullum. Bankuna suna karɓar takardar NIN, katin zaɓe ko lasisin tuƙi a matsayin shaida. Ki sa fasfon a leda ki adana a gida, sai ranar tafiya ko neman biza.