Amsa kan jiragen yaƙin Jamus da suka nutse a Scapa Flow

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa da ya yi tambaya yana cewa wai da gaske ne Jamusawa sun nutsar da jiragen yaƙinsu da hannunsu bayan sun miƙa wuya, kuma ina Turawan Ingila suke har aka yi haka a gabansu: gaskiya ne, ya faru ranar Asabar 21 ga Yuni 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Na taɓa taka wurin lokacin da nake karatu a Aberdeen. Sa'a shida muka yi a jirgin ruwa kafin mu isa Kirkwall a tsibiran Orkney, can ƙuryar arewacin Scotland, ni kuwa ban san komai a kan labarin ba, rakiyar abokin karatu kawai na yi. Sai da muka tsallaka zuwa gidan tarihi na Lyness a tsibirin Hoy na fara kama bakin zaren.

Gyara ɗaya zan yi wa tambayar, domin a nan maganar take. Ba a miƙa jiragen nan ba tukuna. Da aka tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamba 1918, sharaɗin shi ne a tsare su zuwa lokacin da za a gama zaman sulhu a Paris. Kamar kayan da ake rikici a kansu ne alƙali ya ce a ajiye sai an yanke hukunci. An so a kai su tashar wata ƙasa 'yar ba-ruwanmu, Norway da Sifen suka ce ba da su ba, shi ne aka koro su Scapa Flow, matsayar jiragen yaƙin Birtaniya a tsakiyar tsibiran Orkney. Jirage 74 ne, an kwashe harsasai, an cire wa manyan bindigogin abin da ke sa su tashi, amma a doka har yanzu mallakin Jamus ne, kuma Jamusawa ne a ciki. Birtaniya ba ta da ikon zuba masu gadi a cikinsu, sai dai ta kewaye su da ƙananan jiragen sintiri. To ka ga mai makulli yana cikin ɗaki, mai gadi yana waje.

Sai ka ga wurin za ka san irin zaman da suka yi. Ruwa ne shimfiɗe, tsibirai sun yi masa zobe, da ƙyar za ka ga bishiya, iska kuwa ba ta hutawa. Ni da na je da bazara, lokacin da rana ke kaiwa bayan ƙarfe goma na dare ba ta faɗi ba, sai da na sa riga uku. Su kuwa a nan suka ci hunturu, wata bakwai, ba a barinsu su sauka ƙasa, ba a barinsu su ziyarci juna, abinci ma daga Jamus ake aiko musu. Da yawansu kuma daga boren da sojan ruwan Jamus suka yi a tashar Kiel suka fito, ba sa jin maganar hafsoshinsu. Har shi kansa kwamandan, Ludwig von Reuter, sai da ya bar babban jirginsa Friedrich der Grosse ya koma ƙaramin jirgi Emden saboda fitinar na ƙasa da shi. An yi ta mayar da mutane gida, daga kusan 20,000 aka dawo ƙasa da 2,000 a watan Yuni. Wannan ragin ya yi wa Reuter daɗi, domin masu tayar da ƙayar baya aka fi kwashewa, aka bar masa waɗanda za su iya riƙe sirri.

Abin da ya tunzura shi jarida ce. Ba ya samun labari daga gwamnatinsa yadda ya kamata, sai tsofaffin jaridun Ingila na kwana huɗu. A ciki ya ga an ba Jamus wa'adi ta sa hannu a yarjejeniya ko a koma yaƙi, ya lissafa wa'adin zai cika 21 ga wata, alhali an ɗaga zuwa 23. A ganinsa da an koma yaƙi za a hau jiragen a ƙwace. Da safiyar ranar kuma Admiral Fremantle, kwamandan Birtaniya mai gadinsu, ya fita da manyan jiragen Birtaniya atisaye a teku. Reuter ya sa aka ɗaga tutocin ishara da kalmar sirri da suka shirya, "sakin layi na goma sha ɗaya". Aka buɗe famfunan da ke ƙasan jirage ruwan teku ya kwararo, an riga an bar ƙofofin da ke tare ruwa a buɗe, aka kuma sake ɗaga tutar Jamus da aka hana su ɗagawa. Friedrich der Grosse ya kife jim kaɗan bayan sha biyun rana, Hindenburg ya zama na ƙarshe wajen ƙarfe biyar. Guda 52 suka tafi ƙasa, sauran kuwa wasu aka ja su zuwa tudu, wasu suka tsaya a kan ruwa. Cikin manya 16, Baden kaɗai ya tsira. Wasu 'yan makaranta daga garin Stromness na Orkney da aka fito da su yawon kallon jirage a wani jirgi mai suna Flying Kestrel, a idonsu aka yi komai.

Ka ce ko wauta ce. Ni a ganina a fasa kowa ya rasa ne, kuma ba Birtaniya ce ta fi rasawa ba. Faransa da Italiya suna neman kasonsu a jiragen, Birtaniya kuwa ba ta son wata ƙasa ta ƙara ƙarfi a teku. A fili an yi ta kumfar baki, an kira Reuter maci amana, an mai da mutanensa fursunonin yaƙi. A ɓoye babban hafsan sojan ruwan Birtaniya, Wemyss, ya ɗauki abin a matsayin alheri tunda rigimar rabo ta mutu. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Jamus kam ta biya, an karɓe mata wasu jirage da kayan tashoshin ruwa a madadi, ta kuma sa hannu a yarjejeniyar sulhun a Versailles ranar 28 ga Yuni.

Wanda ya fi burge ni a labarin duka ɗan jari-bola ne, Ernest Cox. Bai taɓa ciro jirgi daga ruwa ba, amma a 1924 ya sayi tarkacen a hannun gwamnati. Sai ya riƙa toshe ramukan jirgi yana hura masa iska har ya taso a kife, a ja shi haka zuwa tashar Rosyth a Scotland a yanka. Ya ciro sama da 30, har da Hindenburg a 1930. Yanzu bakwai suka rage a ƙasa: König, Kronprinz Wilhelm, Markgraf, da ƙanana huɗu. Masu ninƙaya da tukunyar iska suna biyan kuɗi su sauka kallonsu. Ni dai daga saman ruwa na tsaya, ɗan Sahel ne ni.

Ba a rabu lafiya ba ranar da aka nutsar da jiragen. Masu sintiri sun ruɗe, suka buɗe wuta a kan mutanen da ke cikin kwale-kwalen tsira ba makami, aka rasa Jamusawa tara, har da kyaftin ɗin Markgraf. A maƙabartar sojan ruwa ta Lyness suke, tafiyar 'yan mintuna daga gidan tarihin. Na je na duba duwatsun, an rubuta Yuni 1919, wata bakwai bayan an ce an daina harbi.