Lambobin firam da cacar loto: akwai wani sirri?

Tambaya: Malam, ƙanena direban keke napep ne a Agege, a Legas. Duk mako sai ya kai wa wani mutum kuɗi a Mile 12 ya karɓo takarda, wai an gano tsarin lambobin firam, kuma su ke fitowa a loto. Har kuɗin haya ya fara taɓawa. Da gaske akwai tsarin nan?

Amsa: Tsari kam akwai, amma ba irin wanda ake sayar wa ƙanenka ba. Firam, wato lambar da ta fi 1 wadda babu mai raba ta daidai sai 1 da ita kanta (kamar 2, 3, 5, 7), suna ƙaranta ne idan lamba ta yi nisa: 25 ne ƙasa da 100, amma 168 kacal ƙasa da 1,000 maimakon 250, kuma tun 1896 masana lissafi Hadamard da de la Vallée Poussin suka tabbatar da ƙa'idar wannan raguwa. A 2016 wasu masana biyu a Jami'ar Stanford suka lura cewa firam da ta ƙare da 1 firam mai bi mata ba ta yawan ƙarewa da 1 kamar yadda aka zata. Irin wannan labari ne 'yan damfara ke ƙara wa gishiri.

Wallahi na gaji da wannan magana. Firam a kafe suke, warwatsuwarsu ce kawai ke kama da dace. Injin loto kuwa ƙwallo 90 yake juyawa, bai san 89 firam ce ba balle ya bambanta ta da 88. Daga 1 zuwa 90 akwai firam 24, fiye da kwata ke nan. Idan aka zaro ƙwallo biyar, kusan sau huɗu cikin biyar sai an samu firam ko da ɗaya ce. Sai mai takarda ya zagaye ta da jan biro ya ce, “Ka gani ko?” Ranar da ba ta fito ba, ya ce kai ne ba ka iya haɗawa ba.

Shahararren masanin lissafi Euler ma, da duk iliminsa, lissafinsa na n² + n + 41 ya ba da firam sau 40 a jere (idan aka sa 0 zuwa 39 a gurbin n), da n ta kai 40 sai ga 1681, wato 41 sau 41. Hasashen Riemann na 1859 kan yadda firam ke warwatsuwa har yau ba a warware ba, ga ladan dala miliyan ɗaya yana jira. Wanda ya riƙe sirrin firam me zai zaunar da shi ƙarƙashin laima yana karɓar canjin direbobi?

Ka sa ƙanenka ya rubuta abin da ya kashe da abin da ya ci na wata guda, ku zauna ku duba tare kafin mai gida ya zo karɓar haya.