Kafin ka haddace hukuncin Kotun Ƙoli

Ɗana, ka tambaye ni cewa hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli sun yi maka yawa, ga na gado da filaye, ga na manyan laifuka, ga na kasuwanci da na ma'aikata, to wanne za ka haddace don ka riƙa kafa hujja da shi gaban alƙali. Kada ka haddace ko ɗaya tukuna. Duk hukuncin da ka ɗauka, fara neman amsar tambaya guda: wace kotu ce ke da hurumin sauraron wannan magana, kuma a wace kotu maganar take ƙarewa? Tun 1962, a shari'ar Madukolu da Nkemdilim, aka shimfiɗa sharuɗɗan: kotu ta zauna yadda doka ta tsara, batun ya kasance cikin huruminta, ƙarar kuma ta shigo ta hanyar da ta dace. In ɗaya ya faɗi, duk wahalar da aka sha ta tashi a banza, komai kyan hujjarka.

Ba sai mun je nesa ba, nan Filato ma ya ishe ka karatu. A Nuwamban 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sauke Gwamna Caleb Mutfwang, bisa dalilin cewa jam'iyyar PDP ba ta bi umarnin kotu na gudanar da zaɓen shugabanninta a jiha ba, don haka ba ta da ikon tsayar da ɗan takara. Ranar 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta rushe wannan hukunci. Ta ce yadda jam'iyya ta fitar da ɗan takararta magana ce ta kafin zaɓe, ba hurumin kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ba ce, kuma ɗan wata jam'iyya ba shi da bakin magana a ciki. Gwamna ya ci gaba da zama a kujerarsa. To amma 'yan majalisar dokokin jiha 16 na PDP da aka sauke kan wannan dalili ɗaya fa? Su ba su dawo ba. Sashe na 246 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce shari'ar zaɓen ɗan majalisa, ta jiha ce ko ta tarayya, a Kotun Ɗaukaka Ƙara take tsayawa. Magana iri ɗaya, jiha ɗaya, shekara ɗaya, amma wani yana da matakala zuwa Abuja, wani ba shi da ita. Ni a ganina wannan giɓi ne da ya kamata majalisa ta dube shi, amma kai aikinka shi ne ka san da shi kafin ka karɓi kuɗin mutum ka yi masa alkawarin kai shi Kotun Ƙoli.

Haka batun ma'aikata yake, kuma nan ne yara irinku suka fi tuntuɓe. Gyaran da aka yi wa tsarin mulki a 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin rikicin aiki ita kaɗai, ƙarƙashin sashe na 254C. A 2017, a shari'ar bankin Skye da Iwu, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa ana iya ɗaukaka ƙara daga can zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, kuma a shari'ar da ba ta laifi ba nan ne ƙarshen tafiya. Saboda haka in wani malamin makaranta ko ma'aikacin banki ya shigo da takardar kora a hannu, sabon abin da kake nema yawanci yana cikin hukuncin waɗannan kotuna biyu. Ka kuma yi hattara da tsofaffin hukunce-hukuncen da ke cewa ubangida na iya sallamar ma'aikaci ba tare da ya faɗi dalili ba. Kotun Ma'aikata tana da ikon duba ƙa'idojin ƙwadago na duniya, kuma tana amfani da shi.

A ɓangaren laifi, karanta shari'ar Orji Uzor Kalu, tsohon gwamnan Abiya da aka tuhuma da cin kuɗin jiha. A Disamban 2019 aka ɗaure shi shekara 12. Ranar 8 ga Mayun 2020 Kotun Ƙoli ta soke shari'ar, a ƙarar da Ude Udeogu, wanda aka tuhume su tare, ya ɗaukaka. Ba ta ce an ci kuɗi ko ba a ci ba. Abin da ta ce shi ne, Mai Shari'a Mohammed Idris, wanda ya yanke hukuncin, an riga an ɗaga shi zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, don haka ba shi da ikon komawa Babbar Kotun Tarayya ya ƙarasa shari'ar, ko da kuwa sashe na 396(7) na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya ba da wannan dama, domin tsarin mulki yana sama da dokar. A majalisar masu shayi za ka ji ana cewa kotu ta wanke shi. Kai lauya ne, kada wannan magana ta fito daga bakinka.

Ka tuna wahalar canjin kuɗi, lokacin da 'yan kasuwar Terminus da Faringada a Jos ke kwana a layin banki? Ba su ne suka shigar da ƙara ba, jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara ne suka fara, don sashe na 232 ya ba Kotun Ƙoli ikon sauraron rikici kai tsaye ne tsakanin tarayya da jiha ko tsakanin jihohi. Gwamnatin tarayya ma da hurumi ta fara faɗa, ta ce maganar Babban Banki ce, a kai ta Babbar Kotun Tarayya. Sai da kotu ta ture wannan kafin ta yanke, ranar 3 ga Maris 2023, cewa tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000 su ci gaba da karɓuwa.

Yanzu ga yadda nake so ka riƙa karantawa. Bar taƙaitawar da ake turowa a WhatsApp, nemo cikakken hukuncin. Duba alƙalai nawa suka zauna: biyar ne a shari'a ta yau da kullum, bakwai in ana fassara tsarin mulki. Karanta abin da ya faru tsakanin mai ƙara da wanda ake ƙara kafin ka kai ga doka, don hukunci kamar ɗinkin tela ne, da awon mai shi aka yanka, in ka sa wa wani sai ka ga hannu ya ɗage. Sannan ka raba dalilin da aka gina hukuncin a kansa da maganar da alƙali ya yi yana wucewa. Ta farko ce ke ɗaure ƙananan kotuna. Ta biyu takan fi daɗin ji, ita jaridu ke ɗauka, amma in ka dogara da ita lauyan ɗaya ɓangaren zai miƙe ya kunyata ka.

Kuma ka karanta ra'ayin marasa rinjaye. A shari'ar hijabin ɗalibai mata ta Legas, ranar 17 ga Yunin 2022, biyar ne suka amince ɗalibai su sa hijabi, biyu suka saɓa, Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun ce ta rubuta hukuncin masu rinjaye. Abin da biyun nan suka rubuta, shi abokin karawarka zai zo da shi duk ranar da irin wannan magana ta taso a wata makaranta. Gara ka riga shi gani.

Sai takardun da ka rubuta na shari'ar filin nan ta Bukuru. Na ga a ƙasa ka sa sunan ofishinmu kawai a wurin sa hannu. A 2007, a shari'ar Okafor da Nweke, Kotun Ƙoli ta ce ofis ba lauya ba ne, sai mutumin da sunansa ke cikin rajistar lauyoyi zai sa hannu, ta kuma sake jaddada hakan a 2012 a shari'ar First Bank da Maiwada. Hatimin ƙungiyar lauyoyi in an manta ana iya gyarawa, kamar yadda aka yanke a 2015 a shari'ar Yaki da Bagudu, amma sa hannu da sunan ofis ba ya gyaruwa. Je ka sake bugawa da cikakken sunanka, ka manna hatiminka, ka kawo mini in duba kafin akawu ya kai rajista da safe.