Hoton jirgi maras matuƙi ya ce shara 'yar kaɗan ce a gaɓar Jamestown, anya kuwa?

Tambaya: Malam, ƙungiyarmu ta matasan unguwar Nima tana kwashe shara a bakin teku na Jamestown a Accra. Mun biya wani ya ɗauko mana hotuna da jirgi maras matuƙi, sai rahotonsa ya ce sharar 'yar kaɗan ce. Yanzu masu tallafa mana suna shirin janyewa. Idonmu ne ke yaudararmu?

Amsa: Ɗan'uwa, idonku lafiya lau. Fara tambayar mai ɗaukar hoton nisan da jirgin ya tashi sama. Kyamarar irin waɗannan jirage, daga mita 20, kowane ɗigon hotonta yana ɗaukar kusan rabin santimita na ƙasa. Daga mita 100 kuwa ya kusa santimita 3, wato murfin kwalba ɗigo ɗaya ne tak. Wa zai gane shi?

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan tunani na cewa abin da jirgi bai gani ba babu shi. Kullum sai na ji shi, har daga bakin manyan ma'aikata. Jirgi saman yashi kawai yake gani. Ledar fiya wata da rana ta koɗar tana sajewa da yashi. Tsummokaran gwanjon da kogin Odaw ke kwasowa zuwa tafkin Korle da ke bakin teku, teku ya dawo da su, kitsewa suke kamar igiya su nutse cikin yashi. Jelar ake gani, gangar jikin na ƙasa. Ɓarɓashin roba da bai kai milimita 5 ba, wanda kifi ke haɗiya, ba a ma maganarsa. Amma mai ɗaukar hoton biki ya sayi jirgi, gobe ya zama masanin muhalli, ya rubuta rahoton da zai sa a janye tallafi daga gaɓar da masunta ke jan taru cikin leda! Wannan cutarwa ce, kuma akwai alhaki.

Ku maimaita aikin. A sa jirgin ya tashi ƙasa-ƙasa lokacin da teku ya janye, da izinin hukumar jiragen sama ta Ghana. A ranar, ku shata wurare uku ko huɗu da igiya, ku ƙirga sharar da hannu, ku tona yashin, ku auna nauyinta. Ku ajiye lissafinku gefen na jirgin, ku kai wa masu tallafin su ga tazarar da idonsu.