Tambaya da Amsa: Shin tauraron ɗan'adam yana ganin kifi a teku?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan gwangwani a Kasuwar Barci, har da kifin tuna. Na ji an ce da tauraron ɗan'adam ake gano inda wannan kifi yake. Yaya na'ura daga sama za ta hango kifi cikin ruwa? Daga mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba kifin take gani ba, zafin saman ruwa take aunawa. Taurari irin su Aqua, wanda hukumar NASA ta Amurka ta harba a 2002, suna auna ɗumin da ke tashi daga teku, a mayar da shi taswira mai launi: ja ruwan ɗumi, shuɗi ruwan sanyi.

Matuƙin jirgin kamun kifi ba jan yake nema ba, ba kuma shuɗin ba. Idonsa na kan iyakar da suka haɗu, inda zafi ke sauyawa da digiri 1 ko 2 cikin 'yan kilomita. Ruwan sanyi mai tasowa daga ƙasa shi ke kawo abinci, ƙananan tsirrai su yaɗu, ƙananan kifaye su taru a kansu, tuna kuma ya biyo su. Da yake da ido yake farauta, ya fi tsayawa a ɓangaren ɗumi inda ruwa ke garau. Shi ya sa ake haɗawa da taswira ta biyu mai nuna koren ruwa, wato inda ƙananan tsirran suka yi yawa. A gaɓar Ghana da Kodebuwa ruwan sanyin nan yakan taso daga Yuli zuwa Satumba.

Amma fa taswirar tana yaudara. Fatar ruwa kawai na'urar ke aunawa, kaurin da bai kai milimita 1 ba. Ranar da babu iska, rana ta dafa saman, ƙasa kuwa da sanyinsa. Gajimare yana rufe mata ido gaba ɗaya. Hazon hunturun nan da ke lulluɓe mana Kaduna yana kaiwa har teku, ya sa ta nuna sanyin da babu shi. Akwai na'urorin da ke ratsa gajimare, sai dai awonsu dunƙule yake, kusan kilomita 25 a ɗigo ɗaya na taswira, kuma ba sa aiki kusa da gaɓa.

Iyakar ma tafiya take yi da igiyar ruwa, taswirar shekaranjiya na iya jawo asarar mai a banza. Don haka in jirgi ya isa, sai a auna ruwan da ma'aunin jirgi, a kunna na'urar amsa-kuwwa mai gano garken kifi, a duba inda tsuntsaye ke shawagi, sannan a jefa raga.