Kowane wata nawa ya kamata a duba izinin ma'aikata?

Ka tambaya ko duba izinin da ma'aikata ke da shi na shiga tsarin kwamfutar wurin aiki sau ɗaya a shekara ya isa. Ɗan'uwa, bai isa ba. Ƙa'idar PCI DSS, wadda ta shafi masu karɓar kuɗi da kati, ta wajabta a duba aƙalla duk bayan wata 6. Asusun shiga kwamfuta na masu cikakken iko kuwa, ni dai ina ganin kada a wuce wata 3.

Inda gizo ke saƙa shi ne sauyin wurin aiki. A ɗauke ma'aikaciya daga sashen saye zuwa sashen biyan kuɗi, a ba ta sabon izini, a manta da tsohon. Yanzu ita kaɗai za ta iya shigar da sunan ɗan kwangila, ta kuma amince a biya shi. Ko da mai amana ce, ranar da aka sace kalmar sirrinta, ɓarawo ya samu ƙofofi biyu a buɗe.

Kada ka bar wa ma'aikatan kwamfuta wannan aiki su kaɗai. Shugaban kowane sashe ne ya san aikin mutanensa, shi zai duba sunaye ɗaya bayan ɗaya ya sa hannu. Wanda ya bar aiki kuma, a rufe asusunsa a ranar.