Amsa ga mai tambaya kan ƙara ganye a abincin gida

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kina Marwa, gidanku mutum takwas ne, abincin kullum bai wuce tuwon dawa da miyar kuka ko shinkafa da miyar tumatir ba, yara kuma tsince ganye suke yi suna ajiyewa a gefen kwano. Kina son ganye ya ƙaru ba tare da kuɗin cefane ya ƙaru sosai ba.

Ba sai kin kawo sabon abinci gidan ba. Ganyen yana cikin girkinmu tun asali, yawansa ne ya yi kaɗan. Cokali uku ko huɗu na garin kuka ake kaɗawa a tukunyar mutum takwas, to nawa ne rabon kowa a ciki? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, kuma dankali da rogo da doya ba sa cikin lissafin. Yara ƙanana bukatarsu ba ta kai haka ba. Kada wannan adadi ya tsorata ki, tumatir da albasa da kabewa da mangwaro duk ana ƙirga su. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne: dafaffen ganye cikin ludayin miya guda ga kowane mutum a abincin rana, haka kuma da dare. Ki tuna ɗanyen ganye yana komawa ɗan mitsitsi idan ya ji wuta. Alayyahu cike da babbar roba ba zai wuce kwano ɗaya ba bayan ya dahu, don haka abin da kike gani ya yi yawa a kan faranti shi ne daidai.

Daga miya za ki fara, tunda ita ake ci kullum. Miyar yakuwa da gyaɗa, wadda maƙwabtanmu Fulani ke kira follere, tana ɗaukar ganye fiye da yadda ake zuba mata. Abin da ke hana a cika shi tsami ne. Maganinsa ki haɗa kashi ɗaya na yakuwa da kashi biyu na alayyahu ko ganyen wake, sannan ki dama markaɗaɗɗiyar gyaɗa kamar cokalin cin abinci biyar zuwa shida. Gyaɗar tana kwantar da tsamin, man da ke cikinta kuma shi ke taimaka wa jiki ya ɗauki bitamin A da ke cikin ganyen. Ganyen da aka dafa ba ɗigon mai, amfaninsa ragagge ne. Haka tafasa da gasaya da rama: duk suna son gyaɗa.

Inda aka fi yin asara shi ne lokacin zuba ganyen. Da yawa ana zuba shi tare da nama, ya yi ta tafasa har a gama tuwo, ya koma baƙi-baƙi ya saki ɗaci. Ki bari nama ko busasshen kifi ya dahu, daddawa da albasa su narke, gyaɗa ta nuna har mai ya taso sama, sannan ki zuba ganyen. Alayyahu minti biyar zuwa bakwai ya ishe shi. Yakuwa kamar minti goma. Zogale da ganyen wake sun fi tauri, su kan kai minti goma sha biyar. Ganyen rogo ne kawai ba a yi wa gaggawa: yana da guba a ɗanyensa, sai an daka shi sosai an tafasa shi a buɗe na aƙalla rabin awa kafin ya shiga miya. Kuma ki wanke ganye kafin ki yanka, ba bayan kin yanka ba, domin ruwan wankin yana tafiya da abin da ake nema.

Sai kanwa. Na san da ita aka saba, tana sa ganye ya tsaya kore shar, kuɓewa da lalo su yi yauƙi, amma tana kashe bitamin C da B1. Kuɓewa ɗanya za ta yi yauƙi ba kanwa idan kin goga ta ko kin yanka ƙanana, kin zuba a ruwan da ya riga ya tafasa, kin bar tukunyar a buɗe kina bugawa da maburgi. Abin da ke tsinka yauƙi shi ne tsami, wato tumatir mai yawa ko yakuwa, da kuma rufe tukunya. Idan dole sai kin sa kanwa, ki jiƙa 'yar ƙarama ki tsiyaye ruwan kaɗan, kada ki jefa dunƙulen.

Batun yara kuwa, abin da za su iya tsincewa shi suke tsincewa. Ki ba su wanda ba ya tsintuwa. Miyar tumatir ta shinkafa: ki dafa kabewa kamar rabin kilo da karas uku ko huɗu har su yi laushi, ki markaɗa su tare da kayan miyan. Launin bai canja ba, miyar ta yi kauri ta ƙara auki, tsamin tumatir ma ya ragu. Wake da ake ci da safe da fanke ko burodi, ki yanka alayyahu siriri ki zuba minti biyar kafin saukewa. Wainar ƙwai ki cika ta da lawashi da tumatir da kabeji. Lawashi a Marwa, garin albasa, abu ne mai arha da ake rainawa, alhali yana shiga ƙullun ƙosai, yana shiga dafa-duka, busasshensa kuma shi ne gabu. Yaron da ya wuce wata shida ana iya dama masa ƙaramin cokali ɗaya na garin zogale a kunun gyaɗa bayan an sauke daga wuta. A fara da rabin cokali, domin yawansa farat ɗaya yana sakin ciki.

Abinci biyu ne nake ganin sun fi komai ɗaukar ganye, kuma an fara yin watsi da su a gidajen birni: dambu da kwaɗo. Dambu na mutum takwas, ki wanke tsakin masara ko na shinkafa kofi biyar, ki tsane shi, ki turara a madambaci kamar minti ashirin. Ki juye a roba, ki zuba zogale da aka tsige daga itacensa kofi biyar ko fiye, albasa biyu, attarugu, gishiri, ki yayyafa ruwa kaɗan ki cakuɗa, ki mayar ya sake turara minti ashirin. Idan ya fito da tsatstsauran tsaki, turarin farko ne bai isa ba ko ba a yayyafa ruwa ba. Idan ya caɓe, tsakin ne ba a tsane ba. A ci da mai da garin ƙuli-ƙuli. Kwaɗo kuma ki tafasa zogale ko rama, ki matse sosai, ki haɗa da dakakken ƙuli-ƙuli, albasa, tumatir, yaji da ɗan mai. Matsewar nan ita ce sirrin, idan ruwa ya rage a ganyen ƙulin zai jiƙe ya zama kunu. Kwaɗo da la'asar ya fi wa yara biskit nesa ba kusa ba. Faten tsaki da yakuwa da alayyahu shi ma yana cikin sahu.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ta danganta da lokaci. Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, tafasa da lalo da gasaya da karkashi suna ko'ina. Da sanyi, Disamba zuwa Fabrairu, kayan lambun bakin mayo, wato kogi, ne ke cika kasuwa: tumatir, kabeji, karas, latas. Wahalar tana zuwa ne da bazara, Maris zuwa Mayu, sai kuma farkon damina. Don haka a lokacin arha ake shanya. Ki wanke ganyen, ki tsane, ki baza shi siriri a kan faifai ko tabarma mai tsabta a inuwa inda iska ke ratsawa, a ɗaga daga ƙasa saboda awaki da ƙura, a rufe da ƙyalle marar kauri. Rana tsaka tana mayar da shi ruwan ƙasa, ta cinye bitamin A. Kwana uku zuwa huɗu ya kan bushe. Alamar ita ce ya ruɓushe idan kin murza a tafin hannu. Wanda aka ɗure da sauran danshi fumfuna zai yi, kuma wanda ya yi fumfuna zubarwa ake yi. Kuɓewa da tumatir a yanka su faifai-faifai, su suna bukatar rana domin ruwansu yana da yawa.

Idan akwai ɗan fili a tsakar gida, ki dasa zogale biyu. Ki riƙa sare kansa idan ya wuce tsayin mutum, sai ya yi rassa ƙasa-ƙasa inda hannu ke kaiwa. Alayyahu a tsohon buhu ko fasasshen baho, da taki, cikin sati uku zuwa huɗu an fara yanka. Ruwan alwala da na wankin shinkafa sun ishe su, banda mai sabulu.

Ɗanyen salak yana bukatar hattara a yankinmu, domin ba kowane lambu ne ake yi wa ban ruwa da ruwa mai tsabta ba, kuma kwalara ta kan ɓulla da damina. Ki cire ganyen waje na kabeji da latas, ki wanke ɗaya bayan ɗaya sau uku da ruwan da za ki iya sha. Gishiri ba ya kashe ƙwayar cutar. Idan an ji labarin amai da gudawa a unguwa, a koma dafaffe gaba ɗaya. Shayi kuma a jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan abinci, musamman ga mai ciki, saboda yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da ke cikin ganyen. Idan akwai mai ciwon ƙoda a gidan, a tambayi likitansa kafin a ƙara masa ganye da tumatir.

Allah ya sa albarka a girkin, ya raya mana zuri'a.